Filin Tambayi Bakanike: Man birkina yana raguwa, in ƙara ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da mashin mai birkin faranti a gaba, kwanan nan na lura man da ke cikin ɗan kofin nan na kan mashin ya sauka ƙasa da layi, kuma in na matsa birki sai inji ƙiiii kamar ƙarfe na gogar ƙarfe. Wani abokina yace in zuba baƙin mai kaɗan wai duk mai ne. Dan Allah ya zan yi? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, dan girman Allah kada ka zuba baƙin mai a kofin nan. Robobin da ke cikin birkin ba a yi su don man inji ba, kumbura suke su lalace, wata rana kana tsakiyar titi ka matsa kaji wayam ko kuma birkin ya kame taya. Duba murfin kofin da kyau, a jikinsa an rubuta irin man da ake so, yawanci DOT 3 ko DOT 4 ne. Shi zaka saya, a gora sabuwa wadda ba a taɓa buɗewa ba, banda wanda ake tsiyayo maka a tsohuwar robar lemo a bakin hanya. DOT 5 kuma daban yake, ba a gauraya shi da waɗancan.

Amma ni a ganina matsalarka ba ta mai bace, fad ɗinka ne ya cinye, wato 'yan abubuwan nan guda biyu da ke matse farantin in ka kama birki. Kaga duk lokacin da fad ke siɗewa fistin, ƙarfen da mai ke turawa ya danna fad, sai ya ƙara turowa waje don fad ya kamo faranti, man sai ya bi shi ya cike gurbin, shi yasa kake ganin ya ragu a sama alhali bai zube ba. Ƙarar nan kuwa ƙarfen bayan fad ne ya fara cin farantin, kuma faranti ya fi fad tsada nesa ba kusa ba. Haska tocila ta ƙasan taya ka leƙa, in naman fad ɗin bai kai milimita 2 ba ko ɗan tsagin nan na tsakiyarsa ya ɓace, to a canza yau, duka biyun tare.

In bakanike ya zo sa sabo zai tura fistin ya koma ciki, man zai dawo sama da kansa, wanda ya riga ya cika kofi kafin nan sai ya yi ambaliya, kuma man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a tanki a wanke da ruwa nan take. Tsaya a kansa kaga ya goge ƙurar da ta taru a jikin fistin kafin ya tura shi, kuma kada hannu mai giris ya taɓa fuskar fad ko faranti. In an gama kar ka hau ka fizga, matsa hannun birkin sau da yawa a tsaye har kaji ya yi tauri, domin matsawar farko ba ta kamawa sam, wannan wurin nake jin tsoro wa masu gaggawa. Kwanakin farko ka riƙa matsa birkin a hankali har fad ɗin ya zauna. In kuma an sa sabon fad amma man ya ci gaba da raguwa to akwai inda yake yoyo, a bi tiyo da wajen fistin a duba.

Shi kansa man yana tsufa, yana shan danshin iska musamman da damina, sabon DOT 4 sai zafi ya kai wajen digiri 230 yake tafasa amma in ya sha ruwa yana iya saukowa 155, a doguwar gangara da kaya a baya sai birki ya yi laushi. Duk shekara 2 a zubar a sa sabo a cire iska, ko kuma da zarar kaga ya koma baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara.

Na bayan kuma in na ganga ne ba ruwansa da mai, noti ake ɗaurewa, in ɗaurin ya ƙare sai a canza shu ɗin ciki, wato abin da ke kama gangar.