Kafin ka ɗora fanel ko ɗaya a rufin mutum

Jiya muna naɗe waya ka tsare ni da tambaya, ka ce, "Oga, idan mai gida ya zo da kuɗinsa yana so ya zuba su a wutar sola ko wata irinta, me zan ce masa ya fara saya?" Ban ba ka amsa a lokacin ba. Ba wai ban ji ka ba ne, tambayar ce ta fama mini wani tsohon ciwo, kuma da shi na kwana. To ajiye wayar nan ka tattaro hankalinka, don ba na son maimaita magana.

Kada ya sayi komai tukuna. Abin da zai fara yi shi ne ya buɗe maka kowane ɗaki na gidansa, har sito da kicin, ka ga duk abin da ke shan wuta da idonka, ka rubuta, ya sa hannu. Wannan sa hannun ne na raina shekarun baya, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi zafi.

Wani mutum ne ya zo mini, mai kamala a ido, magana a hankali, irin wanda za ka ji kunyar ka ce masa ya rubuta maka wani abu. Ya ce ya gaji da ƙarar janareto da sayen mai, yana son sola. Na tambaye shi lodinsa, ya lissafo mini a tsaye a bakin shago: ƙwan fitila goma, fanka uku, talabijin ɗaya, firji ɗaya. Na ce shi ke nan? Ya ce wallahi shi ke nan. Na zauna na yi lissafi a gabansa. Ƙwai goma masu wat 9, awa shida, wat 540 na awa ke nan. Fanka uku masu wat 70, awa takwas, 1,680. Talabijin mai wat 100, awa biyar, 500. Firjin na ba shi 1,200 a yini. Duka 3,920, ka ce kilowat huɗu na awa a rana. Na haɗa masa baturan dalma huɗu irin na tubula masu bolt 12 da amfiya 200, na jera su suka ba da bolt 48. Kowane ɗaya yana riƙe wat 2,400 na awa, huɗun 9,600, amma batirin dalma rabi kawai ake taɓawa, saboda haka 4,800 ne nasa. Ya ishe shi har da rara. Na ɗora masa fanel shida masu wat 300, na sa kwantirola mai MPPT, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, na sa inbata mai kyau, mai mayar da wutar batir irin ta gida, na saita ta yadda za ta yanke wuta da kanta in batir ya sauka rabi. Aikin da na yi a gidan nan, ko yau aka kira ni in duba shi ba zan sauya ƙusa ɗaya ba.

Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce sauran ƙarshen wata. Na yarda.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. In na kira sai ya ce yana kan hanya, ko an riƙe masa kuɗi a wani wuri. A wata na bakwai sai ga shi da kansa, ba da kuɗina ba, da faɗa. A gaban mutane, a bakin shagona, yana ɗaga murya wai na sayar masa da matattun batura, wai ƙarfe tara na dare ba ta yi sai gida ya yi duhu. Na ɗauki mita na bi shi. Ina shiga ɗakin baturan warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ni. Biyu sun kumbura kamar za su fashe, kawunansu sun yi farin gari, na buɗe murfi na leƙa, farantan ciki a waje suke, ruwa ya ƙafe. Na ɗora lodi, allurar ta faɗi nan take. Batirin da ya kamata ya yi shekaru, ya mutu a wata bakwai.

Na tsaya ina ta juya abin a raina. Na duba haɗina, lafiya lau. Na hau rufi, fanel suna ba da abin da ya kamata. Shi kuwa yana tsaye a kaina yana cewa in ban sauya masa ba sai kowa ya ji irin aikina. Lokacin sunana bai gama kafuwa ba, kuma a sana'ar nan suna shi ne jari. Na sayar da babur ɗina, na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayo sababbin batura huɗu na kai masa. Da kafaɗata na shigar da su, kowane ɗaya kusan kilo 60.

Ranar da nake ɗaura su ne asiri ya tonu. Ina durƙushe sai na ji inbata ta yi wani nishi, fankar cikinta ta tashi da ƙarfi. Na miƙe na bi waya. Sai na ga wata baƙar waya da ba ni na ja ta ba, ta fita ta taga ta zagaya bayan gida. Na bi ta har wani ɗaki da bai taɓa nuna mini ba. Firiza babba irin ta masu sayar da ƙanƙara, ga dutsen guga a jone, ga hitar ruwa a banɗaki. Dutsen guga kaɗai wat 1,000 yake ci, hita ta fi shi. Na dawo na shiga saitin inbata, na tarar an sauke iyakar da na sa, har ƙasa. Wani yaro ya kira, irin waɗanda suka koyi sana'a a bidiyon minti uku, ya cire masa abin da yake kira "damuwa", wato yankewar da take yi don ta ceci batir. Wata bakwai ana tatsar baturan nan har ƙarshe kowane dare.

Na kira shi na nuna masa. Ka san abin da ya ce? Ya ce ai ban taɓa gaya masa kada ya ƙara kaya ba, in kuma na gaya masa in nuna takarda. Ba ni da takarda. Na so in kwance baturana in tafi da su, ya ce sun shiga gidansa. Ragowar rabin kuɗina kuwa har yau da nake maka maganar nan ban ga ko sisi ba. Shekara guda na yi ina zuwa aiki a ƙafa da jakar kaya a kafaɗa, shi yana sayar da ƙanƙara da wutata. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, wannan dai har yanzu ban iya ba.

Shi ya sa kake gani in mun je gida nake buɗe kowace ƙofa, nake sa wa inbata lambar sirri, nake ɗaukar hoton saitin. Kuna ganin kamar tsufa ne ke damuna.

Yanzu ga inda kuɗin mai gida ya kamata su bi. Na farko, ya rage abin da gidan ke ci. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Tsohon firjin da robar ƙofarsa ta saki, injinsa ba ya hutawa, a sauya shi. Duk wat ɗin da ya rage a nan, fanel ne da batir da ba zai saya ba. Masu gida ba sa son jin wannan, don ba abin da maƙwabci zai gani a kan rufi, amma nan ne kuɗi suka fi saurin dawowa. Idan kuma ruwan zafi yake so, kada ka kuskura ka ɗora hita a kan batir. Akwai tankin da rana ke dafa ruwansa kai tsaye ta cikin bututun gilashi, ba fanel, ba inbata. Wauta ce ka mai da rana lantarki, ka adana a batir, sannan ka sake mai da ita zafi.

Fanel kuwa ba shi ne abin tsoro ba yanzu. Ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani, wadda aka yi a Bell Labs a Amurka a 1954, kusan kashi 6 cikin ɗari na hasken rana take mayarwa wuta. Na yau sun haura kashi 20. Tsakanin 2010 da 2020 farashinsu a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, galibinsu kuma daga Sin suke fitowa. Mai kyau ana ba shi garantin shekara 25, yana rage ƙarfi kamar rabin kashi ɗaya a shekara. Abin da ya kamata ka sani shi ne lambar da ke bayansa a sanyin digiri 25 aka auna ta. Fanel a kan kwano da tsakar rana ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 na ƙarfinsa. Don haka nake barin tazara tsakaninsa da kwano iska ta ratsa, don haka kuma ba na lissafi da cikakkiyar lambar. Inuwar reshe ɗaya a kan fanel ɗaya tana iya ja wa duk fanel ɗin da aka jera tare da shi baya. Zancen ina zai fuskanta, ko yadda ake jera su, ko kaurin waya, ba zan ɓata bakina ba. Wanda ya yi wata shida a hannuna bai san wannan ba, ya nemi wata sana'ar.

Batir shi ne kabarin kuɗin mai gida. A nan za ka dage. Idan yana da hali, ya sayi litiyom irin LiFePO4. Ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana jure caji da saukewa sau dubbai, ba a zuba masa ruwa, kuma yana da allon da ke tsaronsa daga ciki. Da irinsa na sa wa mutumin nan, da shi da yaronsa sun sha wuya kafin su kashe shi. Idan na dalma ne ƙarfinsa, to rabi kawai, ruwan batir tatacce a kan lokaci, ɗaki mai iska, kuma kada a taɓa haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon su mutu tare. Ka ɗaga batir kafin ka saya. Dalma nauyi gare ta, in ka ji ya yi maka sauƙi a hannu, lambar da ke jikinsa ƙarya ce. Araha ba ta ado. Kuma ka koya wa mai gida ya yi manyan ayyukansa da rana tsaka, guga, wanki, jawo ruwa zuwa tanki, lokacin da fanel ke bayarwa kai tsaye. Tankin ruwa a sama shi ma ma'ajiya ce, kuma ba ya kumbura.

Akwai ƙasashen da mai gida ba ya ma buƙatar batir sosai, don yana tura rarar wutarsa cikin layin kamfanin wuta a biya shi ko a rage masa bil. Jamus ta yi doka a kan haka a 2000, ta tabbatar wa mutane farashi na shekara 20, shi ya sa rufin gidajensu ya cika da fanel alhali ranarsu ba ta kai ta wurare da yawa ba. Kafin ka yi wa wani alƙawarin haka, ka bincika ko dokar inda yake ta yarda, kuma ko layin yana tsayawa, don inbatar da ke tura wuta cikin layi tana ɗaukewa ne da zarar wutar layi ta ɗauke.

Injin iska kuma, wanda na ga kana ta kallo a waya, ka bar shi. Ƙarfinsa yana bin gudun iska ne sosai, in gudun ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas ya rage maka. A tsakiyar gidaje da bishiyoyi iska a hargitse take, sai dai ya yi ta jijjiga bango. Wanda ke fili, mai iya kafa doguwar hasumiya, wannan daban. Mai dabbobi da yawa kuma zai iya gina ramin da kashinsu ke ruɓewa ya ba da gas na girki, amma wannan ba layina ba ne, ka tura shi wurin masu yi.

Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Kuna so a yi sati biyu a ɗauke ku hoto a kan rufi, a kira ku injiniya. Ba mai son zama da biro da takarda ya tara lambobi, ba mai son haƙa ramin da za a binne sandar kariyar tsawa, don ba a ganinta a hoto. Mu shekara nawa muka yi muna wanke kan batir kafin a bar mu mu taɓa inbata? Kai dai na ga kana tambaya, shi ya sa na zauna da kai.

Gobe akwai gidan da za mu je dubawa. Kai za ka riƙe littafin. Ka zo da mita mai kama waya, ka shiga kowane ɗaki, in ka ga ƙofa a kulle ka ce a buɗe, in an ƙi ka zo ka gaya mini. Ƙarfe bakwai nake fita, ba na jira.