Zarton inji da yanka gungume: amsoshin tambayoyin masu karatu

Tambaya: Ina da gonar itacen turare a wajen Gembu, kan tsaunin Mambila, kuma itatuwan sun isa yanka. Ina so in riƙa fitar da katako da kaina maimakon in sayar wa dillalai a tsaye. Na ga ƙaramin zarton inji mai sauƙin kuɗi, na kuma ga babba wanda kuɗinsa ya ninka. Wanne zan saya?

Amsa: Malam, idan nufinka fitar da katako ne, ka bar ƙaramin inda ka gan shi. Sare itace a gicciye aiki ne na ɗan lokaci, amma tsaga gungume a tsawonsa yana sa inji ya yi ta gudu da dukkan ƙarfinsa tun daga wannan kai har zuwa wancan, sau da yawa a wuni, kuma injin da girmansa bai wuce sisi (wato cc, ma'aunin girman cikin inji) 45 ko 50 ba zai ɗau zafi, ya gaji, ya mutu tun bai mayar maka da kuɗinka ba. Ka nemi mai sisi 70 zuwa sama, idan kuma gungumen masu kauri ne to 90 zuwa sama ya fi. Dalilin ke nan da ya sa masu wannan sana'a a Afirka ta Yamma suka daɗe suna riƙe da Stihl 070, wanda ya haura sisi 100, ga nauyi ga jure wahala, kuma kusan duk makanikin zarto ya san cikinsa. Stihl MS 660 da Husqvarna 395 XP su ma suna wannan aiki. Sai dai ka yi hattara, domin kasuwa cike take da jabu masu launi da tambarin na ainihi, don haka ka duba lambar da aka buga a jikin injin, ka karɓi rasit, kuma kafin ka biya ka tabbatar ana samun fistin da kabireto da sarƙar wannan samfurin a garin da ya fi kusa da kai.

Akwai kuma lissafin da mai sayarwa ba zai yi maka ba. Sarƙar zarto tana cin kusan milimita 8 zuwa 10 na itace a kowace tsaga, ta mayar da shi dusa, alhali injin masana'anta mai siririn zarto kamar ɗamara yana cin kusan milimita 3 ne kawai. Idan katako mai kaurin inci ɗaya kake fitarwa, wato milimita 25, to wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka tsaga yana zubewa ƙasa. Saboda haka zarton inji yana da riba ne a inda gungume yake nesa da hanyar mota, inda ya fi sauƙi a ɗauko katako a ka da a ja gungume, ko kuma inda ake fitar da masu kauri irin tu-bai-fo da tu-bai-sikis na rufin ɗaki. Idan gonarka tana bakin titi kuma itatuwan ba su da yawa, ka ɗauki hayar mai inji ko ka kai gungumen masana'anta, ka adana kuɗinka.

Tambaya: Ni kafinta ne, kuma na ga masu yanka a daji suna tsaga da hannu kawai bisa layin da suka ja. Ko akwai buƙatar in sayi firam ɗin ƙarfen nan da ake ɗaura wa zarto?

Amsa: Akwai, kuma kai da kake kafinta ka fi kowa sanin dalili. Masu tsaga da hannu sukan jiƙa igiya da baƙin mai ko gawayi, su ɗame ta a kan gungume, su fizge ta ta bar layi, sannan su bi layin da bakin zarto. Akwai gwanaye a cikinsu, amma duk gwanintar mutum sai ka tarar katakon ya yi kauri a nan ya sirance a can, sai an kai shi injin goge katako an sake cinye wani abu daga jikinsa kafin ya yi daidai. Firam ɗin, wanda ake kira injin Alaska, kuma kamfanin Granberg na Amurka ya yi suna da shi, yana kama ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kansa ta wuri biyu, ya riƙe shi a kwance a daidai kaurin da ka saita. A tsagar farko ana ɗaure tsani ko miƙaƙƙen katako a saman gungumen domin firam ya bi ta kai, bayan haka fuskar da aka tsaga ita ce za ta zama jagora ga sauran. Mai walda da ya san aikinsa zai iya haɗa maka irinsa, muddin sandunan sun daidaita da juna.

Ka haɗa da sarƙar tsaga, wadda ake wasa haƙoranta a kwanar digiri 10 maimakon 25 zuwa 30 na sarƙar sara, domin tana barin fuskar katako da santsi. Ka riƙa wasa ta akai-akai, kuma alamar ta dakushe ita ce ka ga tana fitar da gari mai laushi kana kuma dannawa da ƙarfi. Ka kankare ƙasa da tsakuwa daga ɓawon gungume kafin ka fara, ka riƙa cusa ƙananan itatuwa a cikin tsagar da ka wuce don kada katakon ya danne sarƙa. Fetur kuwa a gauraya shi da man injin mai bugu biyu bisa ma'aunin da kamfanin ya rubuta, wanda a sababbin injuna yawanci kashi 50 ne ga kashi 1. Baƙin man da aka juye daga mota, wanda mutane da yawa suke zuba wa sarƙa don araha, yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, yana cin famfon mai, yana kuma ɓata katako da tabo. Kada ka yi aiki ba abin toshe kunne da tabarau da takalmi mai ƙarfi, kuma kada ka yi shi kai kaɗai a daji.

Tambaya: Na tsaga maɗaci da ɗan darbejiya, na jingine su a bango, bayan 'yan makonni sai na tarar sun karkace, bakunansu sun dare. Laifin injin ne?

Amsa: Laifin shanya ne, Alhaji. Ɗanyen katako yana bushewa ta bakunansa da sauri fiye da tsakiyarsa, shi ya sa yake darewa, balle a lokacin hunturu da iska take bushe ƙayau. Ka shafa wa bakunan fenti tun ranar da aka tsaga, ka jera katakon a kwance a inuwa, a ɗage daga ƙasa saboda gara, ka sa siraran sanduna busassu tsakanin kowane jeri, kowace sanda a daidai saman ta ƙasanta, sannan ka ɗora nauyi a sama. Itacen turare ma haka yake, har ya fi su saurin murɗewa.

Tambaya: Ina zaune a Kumasi, ina son shiga wannan sana'a. Ina buƙatar takarda?

Amsa: Kafin ka kashe ko sisi, ka sani cewa tun 1998 dokar Ghana ta haramta tsaga katako da zarton inji domin sayarwa, kuma ganin irin wannan katako a kasuwa bai halatta shi ba. A Nijeriya jihohi ne suke da iko da gandun daji, don haka izinin sarewa da na ɗaukar katako daga ma'aikatar gandun daji ta jiha ake nemansu, kuma sharuɗɗan sun bambanta. Madobiya, wadda aka yi wa sarar rashin tausayi a Taraba domin fitarwa zuwa ƙasar Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, take sa ido kan cinikinsu tun 2017, saboda haka duk wanda ya yi maka tayin aikin tsagarta ka nemi ganin takardarsa tukuna, domin idan jami'ai suka zo, injinka ne za su fara ɗauka.