Amsa: me ya kayar da 'yan matanmu a zango na huɗu?

Malama, kin ce 'yan matan kwalejinku a Gusau suna kan gaba a wasan ƙwallon kwando har ƙarshen zango na uku, aka zo aka wuce su a na huɗu, kina tambaya ko masu jifa ne suka gaza. Ni dai tsaro nake zargi.

Ki sake kallon bidiyon wasan da biro a hannu. Duk ƙwallon da abokan karawa suka jefa ta daki bakin kwando ta dawo, wa ta cafe? In su ne, dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ta ba su daƙiƙa 14 su sake gwadawa, kuma ta nan maki ke tsiyaya. Yarinyar da ta gaji takan tsaya tana kallon ƙwallo a sama, maimakon ta juya ta tokare abokiyar karawarta da baya. Minti 40 ba wasa ba ne, balle a zafin Gusau. Ki fara canjin 'yan wasa tun zango na biyu.

Wajen kai hari kuwa, ki ƙirga sau nawa aka ƙwace musu ƙwallo kafin su yi jifa.

Ki nuna musu yadda D'Tigress, 'yan wasan ƙwallon kwando mata na Najeriya, suka matsa wa Ostireliya a gasar Olympics ta 2024, suka ci 75 da 62.