Shin bindigogin farauta na yanzu sun kai na dā ƙarko?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne bindigogin farauta masu watsa harsashi na yanzu ba su kai na dā inganci ba. A ganina akwai gaskiya a maganar, musamman a bindigogi masu araha.

Dalilin farko shi ne yadda ake ƙera su. Winchester Model 12, wadda ta fito a 1912, daga dunƙulen ƙarfe ake sassaƙa sassanta, sannan maƙeri ya daidaita su da hannu, kuma tsadar wannan aiki ce ta sa aka daina ƙera ta da yawa a 1964. Remington 870 ta fito a 1950, amma da aka kawo samfurin Express a 1987 domin rage farashi, sai aka rage gogewa da kyawun rufin ƙarfen, shi ya sa masu ita suka riƙa kukan tsatsa. Abin da ya fi damuna a bindigogin yanzu shi ne roba da ƙananan sassan da ake zubawa daga garin ƙarfe, waɗanda idan sun karye sai dai a sauya.

Sai dai tsofaffin da muke yabo su ne waɗanda suka tsira, domin marasa kyau sun lalace tun tuni. Haka kuma, tun da Amurka ta hana harsashin dalma wajen farautar agwagin ruwa a 1991, mafarauta da yawa sun koma amfani da harsashin ƙarfe, wanda yake iya kumbura bakin tsohuwar bindiga mai matsatsen ƙarshe, don haka a kai ta wurin gwani ya duba kafin a harba harsashin ƙarfe da ita.