Tambayoyi da amsoshi kan fasaha: koya wa yara Sinanci a gida da waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana biyu ne, mai shekara huɗu da mai shekara bakwai. Ina so su fara jin Sinanci a gida, alhali ni ko kalma ɗaya ban iya ba. Wace manhaja zan sauke musu?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar manhaja, ki san cewa aikin waya a nan shi ne ta kawo muku muryar masu harshen, wasan kuma ke da yaran za ku yi shi bayan an ajiye ta. Dalili kuwa, Mandarin, wato Sinancin da ake koyarwa a makarantu, yana da karin sauti huɗu, sai na biyar marar nauyi. Gaɓar "ma" idan aka ja ta sama miƙe tana nufin uwa, idan ta nutsa ta taso tana nufin doki, idan ta faɗo da ƙarfi tana nufin yi wa mutum faɗa. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnen mai jin Hausa, tunda kuka na hawaye da kuka ta itace karin sauti ne ya raba su. Saboda haka kada ki karanta musu kalma daga takarda da naki kari, ki bari su ji ta daga bakin mai harshen tukun.

Ki sauke Pleco. Ƙamus ne kyauta, yana aiki ba intanet, yana kuma furta kalma idan an taɓa alamar lasifika. A YouTube Kids ki kwafi 儿歌 ki nema, ma'anarsa waƙoƙin yara. Ki ƙara 普通话, wato Mandarin, a gefensa don kada a kawo miki Kantonis, Sinancin Hong Kong, wanda furucinsa daban ne. HelloChinese da Duolingo suna bukatar wanda ya iya karatun Turanci, don haka babban ne zai amfana da su, ƙaramin dannawa kawai zai yi ta yi.

Minti goma zuwa sha biyar a yini sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. Ku ɗauki kalma biyar a mako, ku saurare su sau uku uku, sannan a kife wayar. Idan launuka ne, ki faɗi "hong", wato ja, su ruga su taɓo jan abu a ɗaki. Idan lambobi ne, a ƙirga matakala ko tsalle. Lambobin ma akwai sauƙi: goma sha ɗaya "shi yi" ce, wato goma da ɗaya, ashirin kuma "er shi", biyu goma. Yaron da ya riƙe ɗaya zuwa goma zai iya ƙirgawa har 99.

Tambaya: Yaya zan sa wayata ta rubuta baƙaƙen Sinanci?

Amsa: A Android ka buɗe saitin Gboard, wato manhajar madannan waya, ka shiga sashen harsuna, ka ƙara Sinanci mai sauƙaƙan baƙaƙe. Su ake amfani da su a babban yankin ƙasar Sin da Singafo, na gargajiyar kuwa a Taiwan da Hong Kong. Ka zaɓi hanyoyi biyu, pinyin da rubutun hannu. A iPhone yana cikin General, sannan Keyboard. A Windows ka ƙara harshen a saitin lokaci da harshe, sai ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara.

Pinyin shi ne rubuta furucin Sinanci da haruffan boko, tun 1958 aka amince da shi. Ka rubuta "shan", ka zaɓi 山 daga jerin da zai fito. Akwai tarko ga mai karanta Hausa: "c" ta pinyin ta fi kusa da "ts" tamu, "q" ce ke kusa da "c" tamu, "x" kuma tana kama da "sh". Harafin ü babu shi a madannai, "v" ake dannawa, shi ya sa 女, mace, ake rubuta ta "nv".

Ga yara, rubutun hannu ya fi armashi. Ku fara da baƙaƙen da suka yi kama da abin da suke nufi: 人 mutum da ƙafa biyu, 口 baki, 木 itace, biyunsa 林 kurmi, ukunsa 森 dokar daji. A ja zane daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, na kwance kafin na tsaye. Idan wayar ta gane abin da yaro ya zana, ya ci maki ɗaya.

Tambaya: Da na ba 'yata waya sai ta fice daga darasi ta koma wasa, ran nan har sayayya ta kusa yi.

Amsa: Ki kulle ta a manhaja ɗaya. A Android abin sunansa App pinning, yana sashen tsaro, ki kunna zaɓin neman lambar sirri kafin a cire. A iPhone Guided Access ne, ana kunna shi da danna maɓallin gefe sau uku. A Play Store ki sa a nemi tabbaci kafin kowace sayayya. Abin da aka riga aka sauke kuma a buɗe shi a yanayin jirgin sama, yawancin tallace-tallace ba za su shigo ba.

Tambaya: Na buga katunan kalmomi a kwamfuta, sai ƙananan akwatuna suka fito maimakon baƙaƙe.

Amsa: Samfurin rubutun da ka zaɓa ba shi da baƙaƙen Sinanci. Ka sauke Noto Sans SC, kyauta ne, ka mayar da rubutun gare shi, ka ajiye a matsayin PDF kafin bugawa.

Tambaya: Ɗana yana faɗin kalma daidai a kunnena, amma manhaja tana cewa ya yi kuskure. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ba lallai laifinsa ba ne, Malam. Manhajojin gane murya sun fi sabawa da muryar manya, kuma ƙarar fanka ko talabijin na rikita su. Ka naɗi muryarsa, ka kunna ta bayan ta Pleco, ku saurara tare. Ka lura da hawa da saukar murya fiye da haruffa. Wani lokacin ma harshen ne ke sauya kari: idan gaɓa biyu masu kari na uku, wato mai nutsawa ya taso, suka haɗu, ta farkon hawa take yi, shi ya sa gaisuwar "ni hao" ba ta fita yadda alamomin karinta suka nuna a rubuce. Idan bidiyo ya yi masa sauri, ka rage gudunsa zuwa 0.75 a YouTube, ya maimaita jimla guda sau uku kafin a wuce.