Shagona na Mabera ya ƙi girma, me zan yi?

Ɗan'uwa, ka ce shekara 3 kana sayar da kayan masarufi a unguwar Mabera ta Sakkwato amma jari bai motsa ba. Abin da na fi zargi shi ne kuɗin cefane da na shago suna aljihu ɗaya. Yanka wa kanka albashi, sauran kada ka taɓa.

Sai bashi. Wallahi na ga shago cike da sukari da taliya ya koma wayam saboda "rubuta mini". Sayi littafi, ka sa wa kowa iyaka, ko ɗan ɗakinku ne.

Ribar ka zuba adashi. In ka kwasa, sari kwali a Babbar Kasuwa maimakon dozin. Ka kuma yi rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista, don ka buɗe asusun banki da sunan shagon.