Sirdina Na Kuka: Hoda Ko Mai?

Wani mai doki ya rubuto yana cewa: "Malam, na sayi sabon sirdin fata wata biyu ke nan. Duk takun da dokin ya yi sai sirdin ya ce ƙiii, har dabbobin da nake zagayawa dubawa a gona suna jin zuwana tun daga nesa. Na shafa masa mai sau uku, kukan bai daina ba. Me zan yi?"

Ɗan'uwa, ajiye kwalbar man nan tukuna. Sau uku a wata biyu ya riga ya yi wa sabon sirdi yawa, kuma mai yiwuwa kana shafawa ne a saman mazauni, inda ido ke gani, alhali kukan daga can ƙasa yake fitowa.

Sirdi ba fata ɗaya ba ce. Fatu ne a kan fatu, an ɗora su a kan ƙwarangwal, wato ginshiƙin ciki mai tauri da ke riƙe da siffar sirdin. Idan biyu masu tauri suka haɗu, nauyinka ya danne su, doki kuma ya motsa, sai su kama juna su saki, su kama su saki. Wannan kamu da sakin shi ne kukan da kake ji. Sabon sirdi ya fi yin haka domin fatarsa ba ta saba da juna ba.

Fara da gano wurin. Ɗora sirdin a kan benci ko ganga, ka hau, ka sa ƙafa a likkafa, ka miƙe ka zauna, ka karkata dama da hagu. Wani ya tsuguna kusa ya kasa kunne. Galibi za ku tarar daga inda fatar likkafa ke goga jikin fatar gefe ne, a ƙarƙashin cinyar mahayi, ko kuma wajen madaurin majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki.

Da kun gano, kifa sirdin a kan tsohon bargo, cikinsa na kallon sama. Ɗaga kowane fallen fata da hannu, ka barbaɗa hodar jarirai har can cikin lungu inda yatsa ba ya kaiwa. Kada ka yi rowar hodar. Ja fatar likkafa sama da ƙasa sau da yawa, ka girgiza sirdin, ka bubbuga shi da tafin hannu domin hodar ta gangara. Sannan ka goge wadda ta fito fili, musamman ta kan mazauni, in ba haka ba za ka riƙa zamewa. Hoda na shiga tsakanin fatun ne ta sa su sulɓe wa juna maimakon su yi ta cizo. Ni dai a sabon sirdi ban cika ganin ta ba da kunya ba, sai dai bayan wasu watanni, ko bayan ruwa ya dake ku, a sake.

Wasu na sa sitacin masara a madadin hoda. Yana aiki, amma in sirdin na kwana a wuri mai laima sai ya dunƙule ya jawo hunhuna. Goga guntun kyandir ko kakin zuma a kan fatar likkafa ma dabara ce mai kyau.

Wani kuma ya tambaya: "Nawa tsoho ne, na gaje shi. Fatar ta bushe ƙamas, tana kuka tana ɗan tsagewa. Zan iya sa baƙin mai ko basilin?"

A'a. Baƙin mai na inji ne, yana lalata fata, yana kuma iya yi wa jikin doki illa in ya taɓa shi. Basilin kwantawa yake a sama ya riƙa tara ƙura. Man girki kuwa, in ya daɗe sai ya yi wari ya gayyato ɓeraye.

Naka sirdin ƙishi yake ji, don haka nan ne mai ke da amfani. Amma wanki ne farko. Gishirin gumin doki da ƙura su suke tsotse fata, kuma in ka shafa mai a kansu ka rufe su a ciki ne. Samo sabulun fata mai gilisarin da soso mai ɗan danshi, ba mai ɗigar ruwa ba, ka bi ko'ina. Bar shi ya sha iska a inuwa. Kada ka kai shi rana, kada ka kanga shi a wuta, zafi na sa fata ta ƙanƙance ta fashe. Sannan ka sa man fata na asali, irin wanda ake samu daga ƙashin ƙwaurin shanu da ƙafafunsu. Duba kwalbar, domin akwai wanda ake gauraya shi da man da aka tace daga fetur, ka guji wannan. Ɗan kaɗan a tsumma, ka shafa ta bayan fatar, ɓangaren mai kaushi, nan ta fi sha. Ka bar shi ya kwana. In da safe ta shanye kuma har yanzu da tauri, ƙara shafa ɗaya. Ka sani mai zai sa launin ya yi duhu, kuma in ya yi yawa fatar likkafa za ta saki ta miƙe, wata ta fi wata tsawo. Inda ya riga ya tsage kuwa, mai ba ya ɗinke shi. Fatar likkafa ko ta majayi da ta tsage, a canza ta kafin a sake hawa.

Akwai wani kukan da nake so ku biyun ku saurara da kyau. Idan ba ƙiii ba ne, ƙas-ƙas ne daga can ciki, to ba maganar hoda ba ce. Wani lokacin ƙusa ce ta saki, ko zoben ƙarfe ya yi tsatsa, wannan ɗigon mai da ɗaurewa sun isa. Wani lokacin kuwa ƙwarangwal ne ya karye. Don gwadawa, jingina kwacciyar gaba, wato tudun gaban sirdin, a cinyarka, ka kama ta baya da hannu biyu ka jawo ta gare ka, sannan ka gwada murɗa shi kaɗan. In ka ji ƙas, ko ka ga mazaunin ya yi tamoji sosai, ko gefe ɗaya na motsi ban da ɗayan, kada sirdin nan ya sake hawa bayan doki sai mai gyaran sirdi ya buɗe shi ya duba.

Ka kuma dubi dokin da kansa bayan an sauke sirdi. Shafa tafin hannunka a gadon bayansa: kumburi, wuri mai zafi, miki, ko farin gashi da ya fara fitowa inda da babu, ko kuma ya riƙa lanƙwasa baya yana kwantar da kunne da ya hango ka ɗauko sirdi. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba shi hutu har bayan ya warke.